Gaiwar Kududdufinmu

Bayan gidanmu a Ƙofar Durbi akwai kududdufi, kuma da kukan kwaɗinsa muke cin tuwo. Kakata Goggo Abu ba ta fara tatsuniya sai ta tura itace a murhu ta ɗora ruwan alwalarta. Ni take fara tsokana.

"Mijin nawa, matso. Kai da ba ka iya cefane, ai ka iya saurare. Ga ta nan, ta biyo ruwa."

"Ta iso mu ji ta," in ji mu.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta gaiwa, kifin nan da ke shigewa cikin laka idan ruwa ya ƙafe. Wai wata shekara ruwa zai yi tafiya, ya ce wa zai riƙe masa wurinsa. Tarwaɗa ta bi shi, karfasa ta bi shi, gaiwa kaɗai ta ɗauki amana. Ta binne kanta, yunwa ta sa tana cin jikinta. Sai wani magini ya zo haƙar ƙasa ya tono ta. A nan Goggo ke ƙanƙance murya: "Bawan Allah, maida ni. In ruwa ya komo bai ishe ni ba, wa za shi gaisar?" Magini ya gasa ta ya cinye. Damina ta sauka, ruwa ya yi sallama sau uku, shiru. Baƙin ciki ya sa ya yi baƙi, ya yi wari, har garin ya tashi.

Goggo ba da wasa take ba. Da rani, in masu haƙar ƙasar gini suka tono gaiwa, da zanenta a hannu take fita ta tsaya a kansu sai sun rufe ta. Muna yi mata dariya.

Na girma na zama makanike. Wata damina zazzaɓi ya kusa kashe 'yata Zainab, mai sunan Goggo. Na ji a majalisa cewa baƙin mai yana kashe ƙwan sauro. Ban tambayi kowa ba, na kwaso jarka uku daga gareji na juye a kududdufin. Maƙwabta har godiya suka yi mini. Kwana biyu tarwaɗa ta taso ciki a sama, kwaɗi suka yi tsit. Da ruwa ya cika ya tumbatsa, man ya bi rafi har lambunan masu latas. Sauro kuwa ya dawo ya ninka, don babu sauran mai cin 'ya'yansa.

Da rani na ɗauki fartanya na shiga kududdufin ni kaɗai. Na haƙa wuri biyar. A na ƙarshe na sami gaiwa a naɗe cikin laka mai warin gareji, ta bushe. Na rufe ta kamar yadda Goggo ke sawa a yi, ina jin kunyar matar da ta daɗe a kabari.

Kwanan baya aka ɗauke wuta, Zainab ta ce in yi mata tatsuniya, na yi mata wannan. Ba ta taɓa ganin gaiwa ba. Ta juya wajen katangar da warin ke shigowa.

"Baba, to ta wurinmu wa ya cinye ta?"

Na so in ce magini ne. Amma sunan Goggo ne da ita, kuma Goggo ba a yi mata ƙarya.

"Ni ne," na ce.