Ƙugiyar da Ta Faɗi a Littafin Malam Maikano

A Wudil in aka ambaci Malam Maikano, ba wanda ke tuna shekara talatin da biyar da ya yi yana koyarwa a firamare. Ƙugiya ɗaya tak ake tunawa.

Da ya yi ritaya sai ya ɗora wa kansa bin tsofaffin malaman da suka koyar da karatun Hausa, tun na ajin yaƙi da jahilci, yana naɗar labarinsu: yadda suka fara, da irin dabarar da suka bi suka cusa wa manoma baƙaƙe. Da rakoda mai cin batir shida ya soma, daga baya ya koma waya. Darki, Ɗankaza, babu inda tsohon babur ɗinsa bai mutu masa ba. Bara ya tattara abin da ya samu a ɗan littafi, a shafin farko kuma ya yabi malaminsa na aji uku, Malam Yahuza na Kausani, ya ce shi ne ƙashin bayan koyar da Hausa a ƙasar Wudil. Ashe kwamfutar mai bugawa ba ta da ƙa mai ƙugiya. Kwafi ɗari biyu suka fito da "kashin bayan", Maikano kuma da hannunsa ya rarraba su ranar Juma'a, kasuwa na ci.

Malam Yahuza ya haura tamanin da biyar, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka buɗe ajin manya a yankin. Shekara uku Maikano na lallaɓa shi, duk abin da ya naɗa bai wuce minti goma ba, rabi tari ne. Sauran labarin yana cikin kan tsohon, ga shi ƙafa ta fara kumbura. Yanzu kuma ya aiko cewa ko a jana'izarsa kada Maikano ya tsaya a sahun gaba.

Sau uku Maikano na zuwa Kausani, Barakatu 'yar Malam tana fitowa ta ce yana barci, alhali ana jin tsakinsa daga soro. A na huɗu ya tarar da shi a tabarma da littafin da jan biro.

"Allah gafarta Malam, na zo ban haƙuri ne."

"Ka zo dai ka ga kashin da idonka. Ga ni."

"Kuskuren inji ne, Malam."

"Injin ne na koyar a aji uku? Kai na koyar, da kanka kamar tulu, wata biyu kana rubuta ɗa tana kallon gabas. Mene ne wannan a aljihunka?"

"Waya ce, Malam."

"Fito da ita. Kunna. Ina so jikokinka su ji irin jakin da ya haifi ubansu."

Maikano ya kunna, ya sunkuyar da kai. Malam ya fara da cewa dattawan da ya koyar a gindin tsamiya, masu rubutu da tsinke a ƙasa, ba wanda ya taɓa yar da ƙugiya. Ya lissafo su da sunayensu da na ƙauyukansu. Ya faɗi yadda yake zuwa aji da ƙaya a hannun dama, ƙunshin kaya a hagu, duk wanda ya rikita su ya taɓa na daman. Har waƙar da ya ƙaga ya rera, yana nuna Maikano da biro: ƙashi da ƙaya suna da ƙugiya, kaza da kaya ba su da ita. Tsakanin kowane labari biyu akwai zagi guda. Sai da aka kira la'asar ya ce, "Tashi ka ba ni wuri. Gobe ka dawo, ban gama da kai ba."

Kwana tara Maikano yana zuwa karɓar zagi. Har yau Malam Yahuza sallama kawai yake amsa masa, ita ma don wajibi ce.

Rannan a majalisa Isyaku tela ya ce, "Malam, yaushe za a sake bugo mana kashin?"

Maikano ya gyara hula ya ce, "Shekara uku ina ladabi, minti goma na samu. Na yar da ƙugiya ɗaya, na samu awa goma sha huɗu. Akwai wani tsoho a Darki da ya ƙi magana, sunansa nake ta dubawa ko da ƙugiya a ciki."