Kunun da Baba Ya Dama wa Inna

A gidanmu na Filinge, in mutum ya yi atishawa sau uku a jere, to Inna ta ji shi ko da tana bayan rumbu. Ba ta tambayar kowa abin da ke damunsa. Sai dai ka ga ta sauko da wata 'yar tukunyar ƙasa da ba a dafa komai cikinta sai magani.

Yara da manya kowa da nasa. Yaro ganyen sabara take dafa masa, ta matsa lemun tsami, ta ɗiga zuma in akwai. Sannan ta narka man shanu a tafin hannunta ta murza masa a ƙirji da baya da karan hanci. Har yau in na ji ƙanshin man shanu mai ɗumi, hannunta nake tunawa, mai kaushi saboda taɓarya. Babba kuwa sirace ne da ganyen turare, a lulluɓe shi da bargo har gumi ya jiƙa masa riga, a biyo shi da kunun hatsi mai citta da kanumfari da masoro. Maƙwabta ma nan suke kawo 'ya'yansu. Ita kanta, Allah ya jiƙanta, ban taɓa ganin ta kwance da rana ba, sai shekarar da na fara koyarwa a wata lakwal, wato makarantar firamare, a garin Bankuku.

Na dawo gida dogon hutu a tsakiyar damina. Ruwa ya kama mu a bayan buɗaɗɗiyar mota, na iso ina rawar sanyi, hanci a toshe. Kwana uku Inna tana kaina da siracenta da kununta har na miƙe. Rana ta huɗu na farka ban ji dakan safe ba. Na leƙa ɗakinta na tarar da ita kan tabarma, ta ja zane har wuya, idanunta sun yi ja.

"Inna, lahiya?"

"Murarki ce tab biyo ni," ta ce, muryarta a shaƙe. "Yanzu in tashi."

Ta yunƙura, jiri ya maida ita. Baba yana tsakar gida da hauya a kafaɗa, zai tafi gona, don lokacin maimai ne, wato noma na biyu, kuma ciyawa ba ta jiran kowa. Da ya ji ni ina ce mata ta kwanta, ya zo bakin ƙofa ya tsaya yana kallon ta. Sannan ya jingine hauyar a jikin bango.

Na ba ta ƙwayar zazzaɓi da na sayo a farmasi, na ce bari in dama mata kunu. Sai da na buɗe kwallar kayan yajinta na gane ban san awon ba. Na sha kunun nan ya fi a ƙirga, amma shekarun da ya kamata in koya, ina makarantar kwana. Na tsaya da ƙullin citta a hannu, kunya ta kama ni.

"Kawo nan," in ji Baba. "Na ga yadda tsohuwata ke yi."

Mutumin da tunda nake ban taɓa ganin sa a madafa ba. Ya naɗe hannun riga, ya zuba citta da kanumfari a ƙaramin turmi, ya cika hannu da masoro ya ƙara, ya kama daka a tsaye kamar mai fasa dutse. Ana cikin haka wata dattijuwar Bafillata da ke kawo mana nono kullum ta yi sallama. Ta sauke ƙwaryarta, ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, yau kuma mi ya hwaru?"

"Mai ɗakin ce ba ta jin daɗi."

Ta kama haɓa tana dariya ƙasa-ƙasa. Kafin ta tafi ta ɗebo curin man shanu ta ajiye a murfin kwano, ta ce a shafa wa Inna.

Kunun ya fito da gudaji, ya yi kauri, ƙanshinsa kaɗai ya sa ni atishawa. Baba ya kai mata da kansa. Inna ta tashi zaune ta kurɓi ludayi ɗaya. Hawaye suka zubo mata, tari ya sarƙe ta, sai da na bubbuga mata baya.

"Wa ya dama wanga?"

"Ni ne," in ji Baba.

"Malam, so kake in warke, ko so kake in bi iyayena?"

Ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu zai karɓi ƙwaryar. Ta janye ta. A hankali, tana sha tana share ido da bakin zane, ta shanye shi tas. Da ta gama ta ce masa gobe citta abin da yatsu uku suka ɗauka, kanumfari ƙwaya bakwai, masoro kuwa yatsu biyu sun isa, kuma a dama gasarar da ruwan sanyi tukuna kafin a zuba tafasasshe. Ya maimaita a bayanta kamar ɗalibi. Ni ma a ranar na koya.

Washegari jikinta bai sauka ba. Na ce damina ce, kada mu zauna muna cewa mura alhali zazzaɓin sauro ne. Ta ƙi, Baba ya ce sai an je. Ya ɗaura wa jaki amalanke muka kai ta gidan likita. Aka ɗibi jini a yatsa, aka ce ba shi ba ne, ta huta, ta yawaita shan ruwa, ta ci gaba da ƙwayar da na ba ta.

Daga nan kullum da safe Baba ne a bakin murhu. Shi ke zuwa bayan gari ya karyo sabara, shi ke riƙe mata bargon sirace. In ta gama sha sai ya zauna a bakin ƙofa suna hira, labarin mutanen da suka rasu tun ban zo duniya ba, da wata shekara da ruwa ya cika fadama har suka kwana a gona. Ban taɓa jin sun yi magana mai tsawo haka ba. Kunu na uku ya yi daidai, ta ce masa ba laifi, ya yini yana murmushi.

Rana ta biyar da kwanciyarta ya fita sallar azahar, na shigo daga rijiya na iske Inna a tsaye garau tana gyara jeren ƙorenta, har da 'yar waƙa a baki. Da ta gan ni ta yi sauri ta koma kan tabarma ta ja zane.

"Inna!"

"Rufa mini asiri," ta ce. "Tun jiya na warke. Bar shi ya ƙara dama na gobe."

Ban faɗa masa ba. Ya dama na goben, ta sha, ta ce ta ji sauƙi, ta karɓi madafarta. Shi kuma ya koma gona ya tarar ciyawa ta kusa kai hatsin tsawo. Mako guda yana dawowa da ciwon baya yana mita. Inna kuwa, duk hantsi in ta dama furar da zan kai masa, nakan ga ta ƙara ludayin nono biyu a kan yadda ta saba.