Iya Rediyo, Wadda Ta Ceci Kunnena

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Azumi, da hantsi, ina tsugune ina jiƙa fatar kalangu aka zo mini da labarin cewa Allah Ya karɓi ran Alhaja Simbiyatu Olaniyonu, wadda duk kasuwar Dugbe ta sani da Iya Rediyo. Aka sallace ta bayan La'asar a nan Ibadan.

Iya, shekara talatin da ɗoriya kina shagon nan, daga gyaran rediyo da kaset har zuwa ƙananan na'urorin sauraren kiɗa na aljihu. Da wayoyin zamani suka cika gari, samari suka riƙa yi miki tsiya: "Iya, wa zai ɗauki kaya biyu alhali waya ta tara komai?" Ba kya musu. Sai ki ciro gyalenki ki ɗaure wa mutum ido, ki toshe masa iyafis a kunne, ki kunna waƙa ɗaya a wayarsa, ki kunna ta a na'urarki, ki ce, "To, sarkin surutu, wacce ce wacce?"

Kuma ba ki taɓa karkata hukunci don ciniki ba. Na ga ranar da wani ɗalibi ya zo sayen na'ura, kika gwada wayarsa kika ce, "Wayarka lafiya lau take, ɗana. Abin kunnenka ne na banza. Shi za ka sake, ka tafi ka ci amala da sauran kuɗin." Ra'ayinki a tsaye yake: waya tana da aiki ɗari, na'ura aikinta ɗaya, don haka ta fi fitar da zurfin ganga. Amma a cikin hayaniyar motar haya, kin ce duk ɗaya ne, kada kowa ya ruɗi kansa.

Ni Ayanlowo, haɗa kalangu na gada, kunne ne jarina. Ban taɓa faɗuwa gwajinki ba. A waya, sautin ganga yakan zo a daskare. A na'urarki ina jin numfashin fata bayan bugu. Har kin mai da ni abin kafa hujja: "A kira mini ɗan makaɗa ya ba su kunya."

Shekara shida ke nan, wata rana kika kira ni gaban mutane, na faɗi gwajin. Aka sake, na faɗi. Sau uku. Samari suka tuntsire da dariya. Ke ba ki yi ba. Kika kore su, kika cire mini iyafis na dama, kika bar na hagu, kika ƙara murya.

"Me kake ji?"

"Kamar daga cikin rijiya, Iya."

"Tun yaushe?"

Na kai wata huɗu ina ɓoyewa. Kunnen yana ruwa, makaɗa biyu sun riga sun dawo mini da kalangai suna cewa muryarsu ta karkace. Tsoro nake ji kada a ce kunnen Ayanlowo ya mutu, sana'ar gidanmu ta ƙare a hannuna.

"Kai wawa ne," kika ce. "Tashi."

Kika rufe shago da rana tsaka, ranar kasuwa, kika kai ni asibiti da kanki. Likita ya duba ya ce wani tsiro ne a bayan dodon kunne yake cin ƙashi, da na ƙara wata biyu da ya wuce kunne ya nufi ƙwaƙwalwa. Aka yi mini aiki. Kwana tara kina aiko da abinci, kuma ko mijinki ba ki gaya wa dalili ba sai da na warke na faɗa da bakina. Kunnen hagu bai dawo duka ba, amma ina kan sana'ata, na aurar da 'ya'yana biyu da ita.

Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa kin san na'ura. Gaskiya ne. Ni dai shaidar da zan bayar ko a gaban Allah ita ce kin fi sanin mutane, kuma kin iya rufa asiri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Baba Olaniyonu, da 'ya'yanki Mojisola da Wasiu, da jikoki, da maƙwabtanki na layin masu gyara. Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau. Ke kuma Iya, Allah Ya ji ƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya rufa miki asiri a ranar da babu mai rufawa sai Shi. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.