Makiyayin da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Kafin mai shara ta gama da baranda, Baba Makiyayi ya riga ya jingine kekensa a bayan ɗakin bincike. Zai cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu da sabulu sau biyu. Sai ya buɗe akwatin ɗumi, ya fito da kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kowace wajen hasken taga. A ƙasan kowace kwalba jini ne kwance, siriri, ruwa ja-ja na bisansa. Ya zuƙe tsohon ruwan da bututu, ya zuba sabo mai ɗumi, ya ɗiga jini kaɗan a kan gilashi don dubawa. Shekara ashirin da shida yana wannan, har da Asabar da Lahadi.

Abin da yake kiwo shi ne ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. Daga nan sunan ya samo asali. Matarsa takan ce mazan mutane na kiwon kaji, nata mijin ya zaɓi abin da duniya ke neman kashewa, kuma ko ƙwai ɗaya bai taɓa kawo mata ba.

Na zo ɗakin nan ina ɗaliba shekara tara da suka wuce, kuma ranar farko na tsane shi. Na shiga na ce, "Baba, ina kwana?" Ko ɗago kai bai yi ba. Na sake gaishe shi da ƙarfi, shiru. Na ce a raina, wannan tsoho akwai girman kai. Sai da ya rufe kwalbar da ke hannunsa ya juyo da fara'a.

"Lafiya lau, 'yata. Ki yi haƙuri. In kwalba na buɗe, bakina a rufe yake. Ɗigon yawu ɗaya ya isa ya kashe su."

Daga baya na ji har Farfesa, shugaban ɗakin, haka yake masa. Maigadi ya ba ni labarin cewa ranar auren babban ɗansa sai ga Baba da sabbin kaya, ya cire babbar riga ya rataye a ƙofa, ya ba dabbobinsa abinci, sannan ya koma wurin baƙi.

Shi ya fara nuna mini abin da na zo karantawa. Ya zaunar da ni gaban madubin duba ƙwayoyin cuta, ya ce in sa ido a kan wata jar ƙwayar jini da ta kumbura. Ina kallo ta fashe, 'yan ƙananan ɗigo suka watse.

"Kin gan su? Yanzu ba su da gida. In 'yan mintoci suka wuce ba su samu ba, sun mutu. Bi wancan da ido."

Ɗigon ya taɓa wata lafiyayyar ƙwayar jini, ya manne, ya mirgina har bakinsa mai tsini ya fuskance ta. Ya kama ta gam, ya kutsa, fatar ta rufe a bayansa. Bai kai minti ɗaya ba. Baba ya ce nan da 'yan sa'o'i zai zama kamar zobe a ciki, ya ci, ya hayayyafa, bayan kwana biyu gidan ya fashe, a sake sabon lale. A jikin mutum, wannan fashewar ce ke kawo sanyi da karkarwa.

"Aikinku ku masu boko," in ji shi, "ku gano yadda za a hana shi kama ƙofar. Nawa aikin in riƙe muku shi da rai."

Mun buga takardu a kan wannan kamun, an kira sunayenmu a taruka, an tafa mana. Sunansa bai taɓa fitowa ko a ƙasan shafi ba, kuma da kunya nake rubuta wannan, don ni ma ban taɓa tambayar dalili ba.

Wata huɗu da suka wuce wuta ta ɗauke a unguwar gaba ɗaya, janareta kuma ya ƙi tashi. Duk bincikenmu ya dogara ne a kan iri ɗaya na ƙwayar, wanda aka ɗebo daga jinin wani majiyyaci shekara goma sha ɗaya da suka wuce. In ya mutu, babu inda za a samo irinsa, aikin shekarun nan kuma sai a fara daga farko. Ajiyar da muka daskarar a firiza ta narke a rana ta biyu, ta lalace. Saura masu rai da ke cikin kwalabe, akwatin ɗumi kuma yana ta hucewa. Ga tukunyar gas ɗin da ke daidaita musu iska ta ƙare a makon. Farfesa na ta waya yana faɗa, ni kuwa ina tsaye ina kallon ma'aunin zafi yana sauka.

Baba ya ɗauko wani tsohon tulun gilashi daga saman kabad, ya jera kwalaben ciki, ya kunna guntun kyandir, ya rufe murfi har wutar ta mutu da kanta. Ya ce haka ake rage musu iska tun kafin a kawo gas. Sannan ya aro risho wurin maigadi, ya ɗumama ruwa a baho, ya zaunar da tulun ciki, ya tsoma ma'aunin zafi. Da ruwan ya fara sanyi sai ya ƙara mai zafi, kofi ɗaya, kofi biyu, daidai ɗumin jikin mutum. Kwana uku yana kan kujerar nan. Matarsa ta kawo masa abinci tana mita, wai ko ita da ta haihu bai yi mata jinya haka ba. A kwalabe takwas, uku suka rayu.

A rana ta uku ne na tambaye shi, don na ga ƙafafunsa sun kumbura. Na ce, "Baba, wai me ya sa? Ba fa naka ba ne binciken."

Ya ɗebo ruwan zafi a kofi, ya ce:

"'Yata ta fari tana da shekara huɗu. Da safe tana wasa, zazzaɓin nan ya kama ta, kwana biyu tsakani muka binne ta. Lokacin ban san ko kamanninsa ba. Da na samu aikin nan na gan shi da idona, sai na ce to, ba za ka kuɓuce mini ba. Zan ciyar da kai har yaran nan su gano makullin."

Kai ne ka faɗi wannan, Baba, kana ƙara ruwan zafi a baho, ko muryarka ba ta yi rawa ba. Ni ce na fita baranda na yi kuka.

Yanzu hannunsa ne ke rawa. Ya fara a hankali, har wata rana ya tsaya da bututun zuƙar ruwa a hannu ya ce, "Dakta, karɓi. Kada in yi musu ɓarna." Ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa. Firiza ma ta lalace a ɗaukewar wutar nan, har yau ba a gyara ta ba, ana jiran wani ƙarfe da bai iso ba. Kwalabe uku, sai ni da aka ce in gaje shi.

A makon koyo na kashe ɗaya. Ina tsakiyar canza ruwa Farfesa ya leƙo ya ce, "Dakta, an tashi lafiya?" Kafin in yi tunani bakina ya amsa, har da tambayar iyali, kwalba a buɗe a gabana. Yadda aka rene ni ke nan, babba ba ya gaishe ki ki yi shiru. Bayan kwana biyu ruwan ya yi duhu-duhu, ya yi wari, jinin ya koma baƙi. Baba ya ɗaga ta wajen taga, ya ajiye a gefe.

"Saura biyu," ya ce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a ya miƙa mini makulli, ya tura kekensa ya tafi. Asabar da Lahadi na zo ni kaɗai, ina wanke hannu har fata ta yi fari. Ruwan ya yi kyau a ido, amma ido ba ya ganin komai. Sai Litinin zan san ko sun fashe sun shiga sabon jinin da na ba su, ko kuwa na ƙarasa su.

Litinin da safe na buɗe kwalba ta biyu, bututu na hannuna, sai na ji murya a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum. Dakta, ina kwana?"

Muryarsa ce. Amsar ta taho har kan harshena. Na cije leɓe, na zuƙe tsohon ruwa, na zuba sabo, na murɗa murfi. Ya sake gaisuwa, da ƙarfi wannan karon. Sai da na mayar da kwalbar akwati na rufe, na juyo na amsa masa. Yana tsaye da hula a hannu, yana dariya, idanunsa cike da ƙwalla.

"To yanzu zan iya zama a gida," in ji shi.

Muka rina gilashin da na ɗiga wa jini, na duba a madubi, sannan na matsa masa. Zobe ne ko'ina cikin jajayen ƙwayoyin. Sun shiga.

Ban ce hankalina ya kwanta ba. Kwalabe biyu ne har yanzu, firiza na nan a mace, kuma ba mu gano makullin ba tukuna. Amma na gode, Baba Makiyayi, mai ciyar da abokin gaba don 'ya'yan wasu su tsira. Allah Ya ba hannunka sauƙi, Ya jiƙan yarinyarka. Ku kuma da ke karanta wannan, ku duba wurin aikinku, akwai mai riƙe da wani abu da rai wanda ba ku taɓa rubuta sunansa ba. Ku je ku gode masa, ku koyi aikinsa tun yana nan. In kun gaishe shi bai amsa ba, ku tsaya ku jira ya rufe kwalbar.