Miyar Jego Babu Jariri

Duk kasuwar Gijang babu wanda bai san Pyo Mal-sun mai busasshen ganyen teku ba. A wurinta miyar ganyen nan maganin komai ce. Mijinta ya karye a ƙafa, miya. Karenta ya daina haushi, miya. Mace ce mai zuciya ɗaya, amma fa ba ta da birki.

Matar ɗanta, Yeon-ok, ta yi ɓari aka yi mata wankin ciki. Bayan 'yan makonni tana ɗaure kaya a rumfa, sai jini ya ɓalle mata kamar an buɗe famfo. Aka kwashe ta sai asibiti.

Likita ta ɗora mata na'urar hoton ciki, sai ga wani dunƙule ja da shuɗi yana walƙiya.

"Jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe a bangon mahaifa," in ji likita. "In aka sake wankin ciki jinin ba zai tsaya ba. Za mu zura siririyar roba ta jijiyar cinya mu toshe su. In hakan ya ƙi, sai cire mahaifar."

Ga shi kuwa Yeon-ok tana son haihuwa kamar ranta.

Mal-sun ta matso. "Likita, in aka ɗura miya ta robar fa?"

"Mama, don Allah ki jira a waje."

Aiki ya yi kyau. Don murna Mal-sun ta dafa tukunya guda, ta rungumo ta ratsa tsakiyar kasuwa tana shelar asibiti za ta kai wa matar ɗanta. To, a garin nan kowa ya san a al'ada mai jego ake kai wa wannan miya. Kafin ta zuba kwano ɗaya, matan kasuwa sun cika ɗakin asibitin da kayan jarirai.

"Barka! Ina yaron? Allah sa bai ɗauko hancin kakarsa ba!"

Kunya ta kama Mal-sun, ta zaro ludayi. "Ku fita, magulmata! Wa ya ce muku an haihu?"

Yeon-ok ta yi ta dariya har nas ta gargaɗe ta kada ta motsa ƙafar da aka zura robar. Mal-sun ta shiga tattara kayan tana cusa wa masu su. Da ta kai hannu kan wata 'yar safa, Yeon-ok ta riga ta damƙewa, idonta cike da hawaye.

"Mama, bar mini wannan. Likita ta ce mahaifar tana nan."