Janareta Sai Bayan Magariba

Zaituna 'yar Gusau ce, ta kai shekara shida a Doha tana zanen lalle a wani shagon gyaran mata da ke Al-Sadd. Ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, har mai shagon ja da baya take yi. Ita da mijinta Ɗalhatu, direban wani Balarabe, ɗaki ɗaya suke haya a Al-Muntazah. Kicin na haɗaka, banɗaki sai an bi layi. Ba ɗakin yabo ba ne, sai dai wuta da ruwa suna cikin kuɗin haya, esi mai sanyaya ɗakin kuma bai taɓa ba su kunya ba. 'Yarsu Safura tana gida wajen kakarta.

Wata rana Ɗalhatu ya shigo yana washe baki. Kafil ɗinsa, Balaraben da yake wa tuƙi, yana da karaban, wato ɗakin ƙarfe mai taya da Larabawa ke ja zuwa sahara lokacin sanyi. Ya ajiye shi bayan garken tumakinsa, can gaba da Al-Rayyan, ya ce su zauna kyauta, man janareta kawai za su riƙa saya.

"Na gama lissafi, Maman Safura. Ƙwan lantarki biyu, fanka, cajin waya. A tayar da janareta bayan magariba, a kashe in za a kwanta, kamar a gida. Ko kwatan haya ba zai ci a wata ba. Rarar mu rufa gininmu na Gusau."

"Esi fa, Malam?"

"Wane esi? Mu da muka tashi a zafin Zamfara? In ya matsa a shimfiɗa tabarma a waje."

"Firij?"

"Kakarki da firij ta girma?"

Sannan ya ƙara da cewa ai ya riga ya gaya wa mai kula da gida za su tashi ƙarshen wata.

Ku ji mutum! Ya daɗe a Qatar, amma daga sanyin ɗaki sai sanyin mota, daga mota sai sanyin masallaci. Bai taɓa yini guda da zafin ƙasar nan ba, shi ne zai zubar da ɗakin da wasu ke nema ido rufe, ko shawara babu. Ranar Juma'a, tsakiyar Yuli, Zaituna ta dafa shinkafa da wake ta zuba a kula.

"In an sauko masallaci mu je mu yini a sabon gida. Amma da lissafinka za mu yi aiki."

Ya sayi mai a ƙaramar jarka, ya ce na kwana biyu ne. Da suka isa a motar kafil ya kama hannun ƙofar karaban, ya saki da sauri yana yarfe yatsu. Ciki kamar an gama gasa burodi. Ya nufi janareta.

"A'a, Malam. Magariba da saura."

Ya ɗauki tabarma ya fita inuwar karaban. Ƙasa ta gasa shi ta ƙasa, iska mai danƙo ta lulluɓe shi ta sama, ga tsamin tumaki. Ya dawo riga ta manne a baya.

"Yaya iskar Zamfara?"

"Ki bar ni, Zaituna."

"Ga abinci, kar ya huce."

Bai ko kalli kular ba. Da kansa ya ja igiyar janareta ya kunna esi. Injin ya yi ta gurnani, ɗakin bai wuce a ce da dama-dama ba, kuma kafin rana ta yi sanyi ya yi tari ya mutu. Man kwana biyu ya tafi. Ɗalhatu ya zauna yana motsa leɓe yana lanƙwasa yatsu: dare da rana, har wata guda, har zafi ya wuce. Kuɗin man ya zarce haya nesa.

"Innalillahi. Ɗakinmu!"

Ya zaro waya, ta ƙi kunnuwa, zafi ya sumar da ita. Suka ruga mota, ya kara ta a bakin iskar esi kamar mai fifita wa mara lafiya. Zaituna ta san ɗaki a Al-Muntazah ba ya kwana biyu babu kowa.

Wayar ta farfaɗo, ya kira. Mai kula da gidan ya ce akwai wanda zai zo da kuɗi gobe da safe. Ɗalhatu ya haɗa Larabci da Turanci da rantsuwa yana roƙo, har yana rusunawa a bayan sitiyari. Can mutumin ya yi tsaki ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku zauna."

Zaituna ta sauke ajiyar zuciya ta jingina da kujera, hawaye na haɗuwa da gumi.

"Malam, ja mota. Kuma kai za ka gaya wa kafil mun gode, mun fasa."