Aikin Litinin Yana Nan, Baba Sannu

Ranar Laraba, sha biyu ga wata, da hantsi, muna zagayen marasa lafiya aka kira ni waje aka ce ka rasu. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na jingina da bango, abin da ya fara faɗo mini a rai kuwa, Allah Ya yafe mini, shi ne matar da za ka yi wa aiki ranar Litinin.

Baba Sannu muke ce maka a sashenmu, don a ɗakin tiyata ba ka da wata magana sai “sannu-sannu”. Shekara tara kana kan abu ɗaya: a zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a bi da shi har inda jijiyar jini ta kumbura, a tura maganin nan mai danƙo da ke daskarewa in ya ji ɗumin jiki, ya toshe wurin ba tare da an tsaga mutum ba.

Ranar da na fara gwaji a jijiyoyin gilashi da ake koyon aikin da su, tsoro ya sa na damƙe sirinji a tafin hannu, ɗumin hannuna ya daskarar da maganin tun bai fita ba. Ba ka yi faɗa ba. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, “Likita, sannu da ƙoƙari, kin warkar da sirinji.” Na yi dariya, ido cike da ƙwalla. Sau arba'in ka tsaya a kaina ina maimaitawa, shayinka na hucewa a kan tebur.

Matar da za ka yi wa aikin nan tela ce, uwar ’ya’ya uku, tana gado na shida. Jijiya ce ta kumbura a cikin kanta, jikinta kuma ba zai ɗauki babbar tiyata ba. Jiya mijinta ya tare ni a bakin ƙofa, har ya ƙulle kayansu a leda, ya ce, “Likita, tunda babban ya tafi, mu koma gida ne?”

Ina jin tsoro, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa yin aikin nan ba sai kana tsaye a bayana. Amma kumburin nan ba zai jira mu gama kuka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk ciwon da ka sauƙaƙa wa bayinSa ya tsaya maka gobe ƙiyama. Maiɗakinka da ’ya’yanka, Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi.

Mijin kuwa na ce masa ya kwance kayan. Litinin da ƙarfe takwas, in Allah Ya kai mu, ni zan zura bututun.